Takalmi a Bakin Tsibin Sha'ir

Na ji abin da kuke faɗa a bayan idona, kada ku ɗauka kunnena ya mutu. Wai Ammi Garba bai taɓa saɓa buhu ba, aikinsa tsayuwa da rodi a hannu yana hana mutane neman abinci. Wai kuma tsufa ya fara taɓa ni, tunda ranar Juma'a na daka wa ɗayanku tsawa a ƙofar masallaci don kawai ya sunkuya zai gyara mini takalmi. To, ku matso. Ba na iya dogon zama, ƙafata ba ta saba ba. In kun ga na miƙe ina zagaye ku ƙyale ni, bakina ba zai tsaya ba.

Na zo Jidda a zamanin da jiragen ruwa ke yin layi a teku suna jiran a sauke su. Aikin Hajji ya kawo ni, na gama, jirginmu ya tashi ba ni a ciki. Na yi dako a bakin tasha har kafaɗata ta yi kanta, sannan wani ɗan garinmu ya kai ni aikin sha'ir a kudu da gari, gaba da unguwar Karantina. Wurin fili ne mai doguwar katanga, ba rufi sai 'yar rumfa a gefe, irin wanda nan ake ce wa hosh. Tifofi ke kawo sha'ir daga tasha a zube, su juye, motar kwasa da muke kira shiwal ta yi ta tura shi sama har tsibin ya wuce katanga. Mu kuma mu ɗura a buhu, a ɗinke, a loda wa masu tumaki da raƙuma. Kun saba ganin hatsi a kwano, shi ya sa kuke raina shi. Ba ku taɓa tsayawa a gindin wanda ya kai tsayin bene ba.

Ranar farko na hau tsibin a guje da silifas a ƙafa, ina so a ga ƙarfina. Ban yi nisa ba na ji sanda a ƙwaurina. Wani dogon mutum ne siriri, ya naɗe fuska da rawani sai idanu. Shi ne Baba Amadu, mutumin Tawa ta Nijar, mai duba tsibi a wurin. Ya sauko da ni kamar akuyar da ta shiga gona, ya nuna mini wani dogon katako da aka kwantar a gaban tsibin, takalma jere a jikinsa. Ya ce abinci ne wannan, ko da na dabba ne ba a taka shi da takalmi. Na ce na ji. Ya ce ban ji ba, wannan ƙaramin dalili ne. Babban dalilin shi ne yawancinmu ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama, wasu da sunan wani suke aiki, wasu yau suna nan gobe an kwashe su. Babu mai iya rantsewa a kan su wa suka zo aiki yau. Takalmi ne shaidarmu. Wanda zai hau ya cire nasa a jikin katako, in ya sauko shi da kansa zai sa abinsa. Muddin akwai takalmi ko ƙafa ɗaya a wurin, akwai mutum a tsibi, shiwal ba ta motsi.

Abin da ya fara koya mini bayan wannan shi ne rodi. Ƙarfe ne irin na gini, ya fi ni tsawo nesa, an daddale bakinsa. Da sassafe, kafin a tayar da mota ko ɗaya, sai mu zagaye tsibin muna soka shi a hankali. Ba ƙarfi ake so ba, ji ake so. In ya shiga sumul daga farko har ƙarshe, lafiya. In ya tafi, ya ci karo da tauri, ka danna ya huda, sai kuma ya zurma kamar ba komai a ƙasa, to ka ja da baya a kan sawunka, akwai murfi a kan rami. In ka zaro shi ka taɓa bakin a kumatunka. Sanyi ake so. In ka ji ɗumi, ka shinshina ka ji tsami-tsami irin na kwanannen ƙullu, ruwa ya shiga wurin, sha'ir na dahuwa a ciki. Na yi wata da watanni ina soka rodi ba na jin komai sai gajiya, Baba yana biye da ni yana tsaki yana cewa hannun Bakatsine sai riƙon cokali.

Akwai wata safiya da ba na mantawa. An kawo sabon sha'ir, fari tas, an zuba a kan wani tsoho mai duhu. Baba ya sa na haƙa ɗan rami a gefen tsibin, daidai ƙuguna, na share bangonsa da tafin hannu. Sai ga shi abin a fili, hawa-hawa. Kayan kowane jirgi da launinsa, kuma tsakanin na jiya da na yau akwai wani siririn layi na ƙura da ƙaiƙayi. Ya ce in ɗora hannu a kan na saman in tura. Ban ma tura sosai ba ya sulale gaba ɗaya ya rufe mini ƙafa. Ya ce abin da na gani a ɗan ramin nan shi ne abin da tsibin duka ke shirin yi, jira kawai yake a sare masa gindi. Ranar bai bari an taɓa wannan gefen ba sai da muka hau ta baya da dogayen gora muka zubo da kan da hannunmu.

Sauran dokokin ba su da yawa, amma kullum sai an yi faɗa a kansu. Ba a ratsa fuskar tsibi mutum biyu a lokaci ɗaya, ɗaya ya wuce, sauran su zuba masa ido. Ba a juya wa tsibi baya. Ka san yadda daren jiya ya kwana, don raɓar Jidda in ta sauka takan ɗaure saman ya yi ɓawo, rana ta ɗaga ya saki. Ka lura da tattabaru, in suka tashi gaba ɗaya ba wanda ya kore su, sun ji abin da ba ka ji ba. Wadda ta fi ba ni wahala ita ce ta inuwa. In shiwal ta ci gindin tsibi, saman yakan rage a rataye kamar baki, ƙarƙashinsa inuwa mai sanyi, kuma a hosh ɗin nan da tsakar rana mutum zai iya ba da rigarsa don inuwa. Sai ka juya ka ga mutane sun baje tire a wurin suna cin shinkafa. Na zubar da abincin mutane da ƙafa ba sau ɗaya ba. An zage ni da Hausa, an zage ni da Larabci, wani Bayamane ya zage ni da abin da har yau ban san ma'anarsa ba.

Masu saye kuwa ba ruwansu da duk wannan. Mutum ya taso daga jeji tun dare, dabbobinsa na kuka, ya iso ya ga sha'ir tuli a gabansa, ga kuma wani Takaruri da ƙarfe a hannu yana cewa a dakata. Sai odar mota, sai yalla yalla wai a yi sauri, sai a kira mudir, wato manajan wurin. Mudir ɗinmu wani Bamisire ne mai yawan ihu, amma ba mugu ba ne, shi ma daga sama ake matsa masa. Wahalar aikin ita ce in ka yi daidai babu abin da ke faruwa. Ka tsare mutane rabin yini, tsibi bai zubo ba, kowa ya ce ka ɓata musu lokaci. Ba ka da abin nunawa. Ka koma gida ka kwanta kana juyi, kana tambayar kanka ko tsoro ne kawai ya kama ka, gobe kuma ka sake hana su.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yi mana gardama ba, direban shiwal, wani Bapatane daga duwatsun Pakistan mai suna Gul. Ranar da ya fara ganin Baba na haƙa ɗan ramin nan ya sauko daga mota ya tsuguna yana kallo, yana kaɗa kai. Da guntun Larabcinsa da namu ya ba mu labari cewa a garinsu dusar ƙanƙara haka take yi. Ta sauka yau, rana ta narka samanta, dare ya daskarar, wata ta sauka a kai, sai ta saman ta rasa abin kamawa. Wata rana gefen dutse guda ya taho ya binne hanya da duk wanda ke kanta. Ya ce kawunsa abin da yake ci da shi ke nan. Turawa kan zo su ɗaura dogayen katakai a ƙafa su hau can inda babu hanya don su sulalo, shi ke shiga gaba, ya haƙa rami, ya duba hawa-hawan, ya bubbuga da shebur, ya ce a bi nan, kada a bi can, ko ya ce yau a koma gida. Baba ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya ce ashe akwai masu barin gidajensu su je wasa a kan abin da mu yunwa ce ta ɗora mu. Ni ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta firij, amma daga ranar na san muna da 'yan uwan sana'a a inda ban taɓa zuwa ba.

Shekarar da ta yi mana muni, da ruwa ta fara. Kun san Jidda, sai a daɗe ba a ga ɗigo ba, ranar da ya tashi zuwa ya zo kamar da gayya. A lokacin sanyi ya sauka, tamfol bai ishe mu ba, kusurwar baya ta ɓangaren teku ta jiƙe sharkaf. Saman ya yi tsiro, ya bushe, ya zama baƙin ɓawo mai kauri. Kafin a kankare shi jirage suka iso a jere, babu wurin zubawa, aka yi ta juye sabo a kai har ya ɓace. Kowa ya manta. Baba bai manta ba. A lokacin ya tsufa, ni ke tsaron gaba, amma kullum da safe sai ya ja ƙafa ya je kusurwar nan ya tsaya yana kallonta kamar mai jiran ta yi magana.

Aka shiga watan aikin Hajji, garin ya cika da tumakin layya, motoci suka yi layi har titi. Muka ci tsibin ta gaba har muka kusa kusurwar. Da safen ranar rodi ya fito da ɗumi, kuma na ga wata siririyar tsaga a can sama wadda jiya babu ita. Muka ce wa mudir an rufe wannan gefen. Ya yi ihunsa, ya kama kai, ya ce to zuwa bayan azahar, daga nan halas, magana ta ƙare, ba shi da abin da zai faɗa wa mutane.

A 'yan makonnin nan an kawo mana sabon mai ɗinkin bakin buhu, Malam Habu, magidanci ne, tela daga Gusau, ya zo umra ya zauna. Ban taɓa ganin mutum mai ladabi irinsa ba. A gaban malami ya tashi, ba ya gaida babba a tsaye, ba ya bari dattijo ya ɗauki buta da kansa. Aikinsa a ƙarƙashin rumfa yake da allura da zare, ba ya hawa tsibi, don haka babu wanda ya ga dalilin gaya masa maganar katako. Masu hawa kawai muke koya wa.

Da aka kira azahar aka kashe motoci, kowa ya sauko ya sa takalminsa. Wasu suka nufi famfo, wasu suka fita shagon Bayamane sayen ful da tamis, wake da gurasarsu ke nan, inda Baba ma yakan je shan shayi a wannan lokacin. Ina cikin alwala na ji tattabaru sun tashi fir. Sai wani sauti mai nauyi, gum, ba mai ƙara ba, kamar an yar da buhu a ɗakin maƙwabci. Kusurwar nan ta taho gaba ɗaya, ƙura ta rufe rana. Da ta lafa, duk idanu suka tafi wuri guda. Katako fayau, ba takalmi ko ɗaya. Muka yi hamdala. Mudir har da tafi, ya ce tsibi ya sauke kansa da kansa, a idar da salla Gul ya kwashe.

Muka ta da salla. Ban taɓa yin salla marar natsuwa irin wannan ba, ban san me ke cina ba, ga shi kuwa na ga katako da idona. Ina sallamewa ta hagu idona ya faɗa gindin randar ruwa a ƙarƙashin rumfa. Takalman Baba ne, na fata irin na ƙasarsu, an goge su, an jera su kai ɗaya, bakinsu na kallon waje yadda mai fitowa zai zura ƙafa kawai. Baba bai taɓa ajiye takalmi haka ba, watsar da su yake yi, ɗaya kan ɗaya. Kuma babu mai taka kwaltar Jidda da azahar ba takalmi ya je shan shayi.

Na ce, “Wa ya kawo waɗannan nan?”

Malam Habu ya ɗago da fara'arsa. “Ni ne. Na gan su can jikin katako rana na dukansu, na ce kada su ƙona wa Baba ƙafa.”

Gul ya riga ya tayar da shiwal, ya sauke bokitin yana nufar kusurwar. Ban san lokacin da na isa gabansa ba. Na tsaya tsakaninsa da sha'irin na ɗaga takalman sama. Bai tambaye ni komai ba, ya kashe mota, ya diro, ya bi layin motocin waje yana dukan ƙofofinsu har kowa ya kashe injinsa. Hosh ya yi tsit.

Na san inda Baba zai je. Yakan ce sai an kashe injuna ake jin maganar tsibi, kuma akwai ɗan lungu tsakanin tsibin da katangar baya inda ake ganin baƙin ɓawon nan. Mutane suka yunƙura za su afka wurin gaba ɗaya, na tare su da rodi, don rabin bakin yana nan a rataye a sama. Wannan ce tsayuwa mafi wuya da na taɓa yi. Maigidana na ƙarƙashi, ni kuma ina tsaye ina kallon sama ina auna ko sauran zai biyo. Na ɗora mutum a kan katanga na ce kada ya ɗauke ido daga tsagar, in ya ga ƙwaya ta gangaro ya yi ihu. Sannan muka ratsa ɗaya bayan ɗaya. Gul ya jera mu kafaɗa da kafaɗa yadda ya ce ana yi a garinsu, kowa da rodi ko gora, a soka, a zare, a matsa taku ɗaya, ba mai magana. Dab da katanga rodina ya taɓa abin da ba sha'ir ba ne, ba kuma ɓawo ba. Hannun da Baba ke cewa sai cokali, shi ya gane shi.

Ba mu haƙa ta kansa ba, ta ƙasa muka ɓullo don kada abin da muke kwashewa ya koma masa. Da shebur, da tire, da hannu, har masu motocin da ke zaginmu ɗazu sun tuɓe suna kwasa. Muka same shi a durƙushe, wani falle na baƙin ɓawon ya jingina da katanga ya bar masa ɗan wuri, ya rufe fuska da rawani da hannu biyu yadda ya koya mana. Yana numfashi, amma kowane ja sai ka ji ƙirjinsa na ƙara. Mudir ya kawo motarsa ya ce asibiti. Baba ya girgiza kai. Duk shekarun nan ba shi da takarda, ya san daga gadon asibiti sai a sa shi a jirgi a mayar da shi ƙasarsu. Ya ce a kai shi ɗakinsa a Karantina.

Muna shimfiɗa shi a kan buhunan wofi sai ga Malam Habu ya zo da takalman a hannu biyu, ya durƙusa a gabansa. Na ji kamar in shaƙe shi, na kuma ji tausayinsa ya kama ni har na kau da kai. Baba ya dube shi.

Ya ce, “Ɗan'uwa, ka yi ladabi, Allah shi yi ma albarka. Amma maida su inda ka ishe su. Ban hito ba tukun.”

Malam Habu ya tashi ya kai su jikin katako ya ajiye. Muka ɗauki Baba a kan buhu har mota, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Wani malamin asibiti ɗan Sudan ya riƙa zuwa ɗaki yana duba shi, ya ce haƙarƙari sun karye sun taɓa ciki. Bai kai ranar Arfa ba.

Bayan Salla muka koma aiki, takalman na nan inda aka ajiye su. Babu wanda ya ce kada a taɓa, babu kuma wanda ya taɓa. Mudir ya dube su, ya dube mu, ya sa aka kawo wani katako aka kwantar a gaba, muka koma cire namu a can. Gul kuwa har ya bar aikin bai taɓa bin ta kusa da tsohon katakon da shiwal ba, sai ya yi kwana ya zagaye. Rana ta ci fatar, ta tsattsage, ta nannaɗe. Malam Habu bai koma Gusau ba sai bayan shekaru, kuma duk baƙon da ya shigo hosh ɗin, ko ruwa ya kawo sayarwa, kafin a tambayi sunansa Malam Habu ya riga ya kama hannunsa ya kai shi wurin ya yi masa bayani.

Yanzu an ce injuna ke zuƙe sha'ir daga jirgi zuwa rumbu, ba mai hawa, ba mai rodi. Madalla. Ni dai har gobe in na shiga wuri sai na duba sama kafin in zauna, kuma ba na iya wuce ƙofar masallaci ban dubi abin da ya rage a bakinta ba. Wanda na yi wa tsawa ranar Juma'a ya yi haƙuri, na san tarbiyya ce, uwarsa ta yi ƙoƙari. Ku gaishe ni, ku ɗaukar mini buta, ku ba ni wurin zama, duk ina so. Amma in kun ga takalmina a ƙofa, ku tsallake su yadda na watsar da su. Ina ciki, ni zan fito in sa abina.